Yadda Ake Karanta Taswirar Tsarin Ma'aikata

Duk wanda ya yi aiki a banki, ko asibiti, ko sakatariyar gwamnati, ko kamfani mai rassa da yawa, da wuya a ce bai taɓa zama a taron da aka haska wani zane a bango ba. Akwatuna ne kala-kala, wasu a sama wasu a ƙasa, kibiyoyi na fita daga wannan suna shiga wancan. Mai bayani ya yi ta nuni yana cewa ga yadda muke, ga kuma yadda za mu koma. Jama'a su gyaɗa kai, a yi addu'a a tashi. Amma da za a tare su a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya a tambaye su abin da zanen ya ƙunsa, kowa da irin amsar da zai bayar, wasu ma cewa za su yi wannan ai harkar 'yan kwamfuta ce.

Ba harkarsu ba ce su kaɗai. A kan irin wannan zane ake yanke shawarar sayen manhaja ta miliyoyin naira, ko rufe wani ofis, ko haɗe sassa biyu, ko sauya hanyar da ma'aikaci ya saba bi shekara da shekaru. Wanda bai iya karanta shi ba, za a yanke hukunci a kan aikinsa yana zaune bai ce uffan ba. Shi ya sa muka ware masa darasi guda. Abin da za mu bi diddiginsa shi ne wannan: kowace taswira ta tsarin ma'aikata an zana ta ne don ta amsa wata tambaya ga wasu mutane. Sai kun gano tambayar da kuma mutanen, sannan akwatunan da kibiyoyin za su yi muku ma'ana.

Abubuwa huɗu da ake zanawa

Idan aka ce tsarin ma'aikata, da yawa sukan tuna jadawalin muƙamai, shugaba a sama, daraktoci a ƙarƙashinsa, har a gangaro kan masinja. Wancan jadawali wanda ke gaba da wani kawai yake nunawa. Taswirar da muke magana a kanta tana nuna yadda aikin kansa yake gudana da abubuwan da ya jingina da su. Masana fannin sun saba kasa ta kashi huɗu.

Na farko shi ne aikin da ma'aikatar ke yi wa jama'a da matakan da ake bi a yi shi. A asibiti, misali, buɗe wa majinyaci kati, ganin likita, gwajin jini, biyan kuɗi, karɓar magani. Na biyu bayanai ne, wato abin da ake rubutawa ana ajiyewa: sunan majinyaci, lambar katinsa, sakamakon gwaji, abin da ya biya. Na uku manhajojin da ke sarrafa bayanan nan, ta sashen kati daban, ta ɗakin gwaji daban, ta akanta daban. Na huɗu kuwa kayan da manhajojin ke zaune a kai: kwamfutoci, manyan na'urorin ajiya da ake kira saba, wayoyin sadarwa, layin intanet, har da wutar lantarki da janareta.

Galibi ana jera su hawa-hawa, aiki a can sama, na'urori a can ƙasa, kuma jerin yana da dalili. Kowane hawa yana yi wa na samansa hidima. Wanda ya karanta daga sama zuwa ƙasa zai gane abin da wani aiki ke bukata kafin ya yiwu. Wanda ya karanta daga ƙasa zuwa sama zai gane ayyukan da za su tsaya cik idan wata na'ura ta mutu. A ganina wannan karatu na biyu shi ne mafi amfani ga ma'aikaci, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa wata saba da ba wanda ya taɓa gani, a wani ɗaki mai sanyi, take iya hana mai ba da magani sallamar layin mutanen da ke gabansa.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1987 wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna John Zachman ya wallafa maƙala a mujallar kamfanin game da yadda ya kamata a riƙa tsara na'urorin bayanai na manyan ma'aikatu. Ya lura da yadda ake gina gida da yadda ake ƙera jirgin sama, sai ya ga ba a taɓa yin su da zane ɗaya. Mai gida ana nuna masa zanen da ke nuna ɗakuna nawa, ina falo, ina kicin, ƙofa ta ina take kallo. Magini ana ba shi wanda ke ɗauke da awo, kaurin bango, zurfin tushe, yawan rodi. Mai haɗa wuta yana da nasa, mai aikin famfo yana da nasa. Gida ɗaya ne, kowane zane gaskiya ya faɗa, amma in aka miƙa wa mai aikin famfo zanen mai gida ba zai san inda zai binne bututu ba. Zachman ya ce haka ma'aikata take. Ya fara da tambayoyi uku da kowane zane zai iya amsawa: mene ne, yaya ake yi, a ina. A 1992 shi da John Sowa suka ƙara wasu uku: wane ne, yaushe, don me. Sannan kowace tambaya tana da amsa iri-iri, gwargwadon wanda ya yi ta, mai tsara manufa ne, ko mai mallakar aikin, ko mai zanawa, ko mai haɗawa.

Daga nan abin ya bunƙasa. A 1995 ƙungiyar The Open Group ta fitar da kundin da ake kira TOGAF, wanda ta gina a kan wani tsari na ma'aikatar tsaron Amurka, kuma shi ya yaɗa rabon nan na kashi huɗu. A 1996 Amurka ta kafa dokar Clinger-Cohen, wadda ta ɗora wa hukumomin gwamnatin tarayyarta alhakin samar da tsayayyen tsari na kayan fasaharsu. A ƙasar Holan kuma, tsakanin 2002 da 2004, wasu masu bincike tare da kamfanoni da hukumomi suka ƙirƙiro ArchiMate, wato tarin alamomi da ƙa'idojin zana irin wannan taswira, wanda daga baya ya koma hannun The Open Group. A Najeriya, hukumar NITDA ta fitar da nata kundin na tsarin ma'aikatun gwamnati a 2019, don rage yadda kowace ma'aikata ke sayen nata kayan da ba sa iya musayar bayanai da na maƙwabciyarta.

Ba a bukatar ku haddace waɗannan sunaye duka. Abin da ya cancanci riƙewa shi ne ƙa'idar da suka haɗu a kanta, wadda aka rubuta a ma'aunin IEEE 1471 na shekarar 2000, aka kuma sabunta ta a ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba 42010 a 2011: a fara sanin masu ruwa da tsaki da abin da ke damun kowannensu, sannan a yi wa kowa zanen da ya dace da damuwarsa.

Mu bi sawun kuɗi daga Kano zuwa Aba

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai tura wa mai kawo masa kaya a Aba naira dubu ɗari biyu, kuma bankunansu daban-daban ne. Ya ɗauki ƙaramar wayarsa, ya danna lambobin bankinsa masu farawa da alamar tauraro. A wurinsa aikin bai wuce minti ɗaya ba. Bari mu ga hannuwan da saƙon ya bi.

Da farko saƙon ya hau layin kamfanin waya, wanda ya miƙa shi ga wata manhajar banki mai karɓar irin waɗannan saƙonni. Ita ce ta tambaye shi lambar asusun da zai tura wa, mai lambobi 10, da sunan bankin. Bankinsa bai san mai wannan asusu ba, don haka sai ya aika tambaya ta hannun NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankunan ƙasar suka mallaka, wanda tun 2011 yake gudanar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. NIBSS ya miƙa tambayar ga bankin mutumin Aba, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, sai sunan ya bayyana a fuskar wayar. Ɗan kasuwa ya ga sunan daidai ne, ya sa lambar sirrinsa. A nan ne babbar manhajar bankin, wadda ke riƙe da lissafin kowane asusu, ta duba ko kuɗin sun isa, ta cire su. Umarnin biya ya sake bi ta NIBSS zuwa ɗaya bankin, wanda ya zuba kuɗin a asusun mai karɓa ya kuma aiko da tabbaci. A ƙarshe wata manhajar ta daban ta tura wa kowannensu alat.

Yanzu ku ƙirga: kamfanin waya, manhajar karɓar saƙo, babbar manhajar banki, NIBSS, bankin mai karɓa, manhajar alat. Akwati shida ke nan, kuma tsakanin kowane biyu akwai layin da zai iya tsinkewa. Duk wanda ya taɓa cewa an cire masa kuɗi amma ba su je ba, abin da ya same shi yana nan a kan taswirar: cirewar ta auku a akwati na uku, sai saƙon ya maƙale a gaba, ko kuma tabbacin bai dawo ba. Wanda kuma kuɗinsa suka shiga amma alat bai zo ba, matsalarsa tana akwati na shida, asusunsa lafiya lau. A baki duka biyun sunansu ɗaya, wai ba sabis. A kan taswira cuta biyu ce, kowace da mai maganinta. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, waɗannan layuka ne suka cika suka batse, aka yi ta ganin kuɗi sun maƙale a hanya.

To, wannan aiki guda za a iya zana shi sau uku, kuma zanen uku ba za su yi kama ba. Na shugabannin banki zai iya zama akwati huɗu kacal: abokin ciniki, hanyoyin da yake shigowa, babbar manhaja, abokan hulɗa na waje. Tambayarsu ita ce a kan wa muka dogara, kuma ina ya kamata mu zuba kuɗi. Na ma'aikaciyar da ke karɓar koken jama'a zai nuna matakai bi da bi, da inda za ta duba ta ga ko kuɗin sun fita, da sashen da ke da alhakin mayar da su, domin tambayarta ita ce me zan gaya wa mutumin da ke tsaye a gabana. Na injiniya kuwa zai cika da sunayen sabobi, da layukan sadarwa, da na ko-ta-kwana, saboda shi abin da ke hana shi barci shi ne idan wannan ta mutu da tsakar dare wace ce za ta karɓa.

Kuskuren da aka fi yi a taruka shi ne a haska wa shugabanni zanen injiniya, su ruɗe su ce a yi yadda aka ga ya dace, ko a ba injiniya zanen shugabanni ya ce ai wannan ba komai a ciki. Haka kuma idan mai zane ya so ya gamsar da kowa a takarda ɗaya, sai a samu akwati ɗari da layuka sun sarƙe, ba mai iya bin ko ɗaya da yatsa. Irin wannan zane yakan burge ido, amma ni ban ɗauke shi aikin gwaninta ba. Alama ce ta cewa mai shi bai tsaya ya tambayi kansa wa zai karanta ba.

Akwati, layi da kibiya

Kafin ku kalli tsakiyar taswira, ku kalli gefenta. Ku nemi take, da kwanan wata, da sunan sashen da ya zana, da ɗan jadawalin da ke fassara alamomi. Taswirar da ba ta da fassarar alamomi, kuna da haƙƙin ku nemi a kawo ta kafin a ci gaba da magana.

Akwati yana iya zama kome: sashe na ma'aikata, aiki, manhaja, rumbun bayanai, na'ura, ko wani kamfani na waje. Idan aka rubuta "Albashi" a cikin akwati, ofishin albashi ake nufi, ko manhajar albashi, ko aikin biyan albashi? Uku ne daban-daban, kuma sau da yawa gardamar da ake yi a taro tushenta ke nan, wannan yana maganar ofis, wancan yana maganar manhaja. Akwati a cikin akwati yawanci yana nufin ƙaramin ɓangare ne na babban, ko a kansa yake zaune. Girman akwati kuwa ba ya nuna muhimmanci. Sau da yawa tsawon sunan da ke ciki ne ya sa aka faɗaɗa shi.

Kibiya ita ce ta fi yaudara. Wata tana nufin bayani na tafiya daga nan zuwa can. Wata tana nufin idan wannan ya gama sai wancan ya fara. Wata kuma tana nufin dogaro. Ga wani abu da ya kamata ku sani: a ƙa'idar ArchiMate, kibiyar hidima tana tashi daga mai yin hidimar ta nufi wanda ake yi wa, amma a ƙa'idar UML, wadda masu rubuta manhaja suka fi sabawa da ita, kibiyar dogaro tana tashi daga mai bukata ta nufi wanda ya dogara da shi. Dangantaka iri ɗaya, kibiyoyin sun ba juna baya. Saboda haka kada ku yi zato. Ku ɗora yatsa a kan kibiya ɗaya ku ce wa mai bayani ya faɗi ma'anarta a jimla guda, wane ke ba wane mene. Idan ya kasa, ba ku ne ba ku gane ba, zanen ne bai nuna ba.

Launi ma haka. Masu amfani da ArchiMate sun saba sa rawaya ga hawan aiki, shuɗi ga manhajoji, kore ga na'urori. Amma a wata taswirar kore na nufin lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuma abin ya tsufa ko yana da haɗari. Wanda ya ɗauki ma'anar farko ya shiga da ita taswira ta biyu zai fita da labarin da ba shi ke nan ba.

Suna ɗaya, rumbu uku

Hawan bayanai shi ne wanda ya fi taɓa talaka kai tsaye, ko da bai taɓa ganin taswira ba. Ku tuna mutumin da aka rubuta Muhammadu a takardar makarantarsa, Mohammed a BVN, Muhammad a NIN, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. An fara BVN a 2014 don bankuna, NIN kuma tana hannun hukumar NIMC, kamfanonin waya su ma suna da nasu rajistar. Muddin kowane rumbu yana zaman kansa, ba wanda ya damu. Da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN a Disamban 2020, aka kuma matsa a haɗa asusun banki da waɗannan lambobi, sai saɓanin ya fito fili, mutane suka yi ta jerin gwano a ofisoshi don gyaran harafi ɗaya.

Taswirar bayanai an yi ta ne don ta amsa tambayoyin da ke hana irin wannan: a ina aka fara rubuta wannan bayani, wane rumbu ne maganarsa ke zama ta ƙarshe idan an samu saɓani, su wa ke kwafa daga wurinsa, kuma idan an gyara a tushe yaushe gyaran zai isa rassan. Idan kuka ga akwati uku a taswirar ma'aikatarku kowanne an rubuta yana ajiye sunayen abokan hulɗa, kuma babu kibiyar da ta haɗa su, to kun hango layin masu koke tun kafin ya taru. Tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023, wannan taswira ta ƙara nauyi, domin ma'aikatar da ba ta san inda bayanan mutane ke bi a cikinta ba, ba ta da yadda za ta kare su.

Ta yau ce ko ta gobe

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke raba gaskiya da buri: wannan zane yadda muke ne a yau, ko yadda ake fata mu zama? Masu wannan sana'a sukan zana biyu, ta halin da ake ciki da ta inda aka dosa, sannan su fitar da giɓin da ke tsakani su tsara matakan cike shi. Ta gobe kullum ta fi kyau, layukanta a miƙe, akwatunanta kaɗan. Ta yau takan fito a hargitse, domin ta ƙunshi tsohuwar manhajar da aka ce za a jefar tun tuni ba a jefar ba, da facin da aka yi na wucin gadi ya zama na dindindin. Idan aka nuna muku mai tsabta aka ce haka muke, ku yi shakka.

Haɗarin kuma a tsakanin biyun yake. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan cinikinsa daga tsohon tsarin da yake amfani da shi zuwa sabo. Bayanan sun ƙaura lafiya, amma sabon tsarin ya fara tangarɗa nan take. Abin ya shafi dukkan rassan bankin da kaso mai yawa na abokan cinikinsa miliyan 5.2, mutane suka kasa shiga asusunsu, kuma al'amura ba su daidaita ba sai a Disamban shekarar. Shugaban bankin ya sauka daga muƙaminsa, sannan a Disamban 2022 hukumomin sa ido suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65 saboda gazawa wajen tsara ƙaurar da kula da haɗarinta, har da ayyukan da ya ba 'yan kwangila. Inda bankin ya dosa sananne ne. Hanyar zuwa can ce ba a auna ta yadda ya kamata ba.

Sannan akwai abin da taswira ta yi shiru a kai. Dole ne ta bar wasu abubuwa, in ba haka ba ba za ta karantu ba, amma mai karatu ya san cewa an bar su. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Ghana, ayyukan wasu bankuna suka tsaya. Ma'aikatar da taswirarta ta nuna layin intanet biyu daga kamfanoni biyu za ta ɗauka tana da madogara. Abin da zanen bai nuna ba shi ne ko layukan biyu sun bi hanya ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Don haka duk inda kuka ga an rubuta na ko-ta-kwana, ku tambaya: me suka yi tarayya a kai? Wuta ɗaya ce, ko gini ɗaya, ko mutum ɗaya ne kaɗai ya iya gyara su duka?

Abin da ku kuka sani

Masu zana taswira galibi daga takardu da hira da shugabanni suke tattara bayanansu. Abin da ba sa gani shi ne littafin da ma'aikacin sito ke rubuta kaya a ciki saboda manhajar tana da nauyi, da jadawalin Excel da akanta ya ƙirƙira wa kansa wanda a kansa rahoton wata-wata ya dogara, da zauren WhatsApp da ake tura hoton takardar amincewa kafin ta asali ta iso. Waɗannan duka ɓangare ne na yadda ma'aikatar ke aiki, ko an zana su ko ba a zana ba. Ranar da aka kawo sabon tsari aka gina shi a kan taswirar da ba ta san da su ba, ranar ce aiki zai tsaya a rasa dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka haska taswira kuka ga an tsallake matakin da kuke yi kullum, faɗarsa ba rashin ladabi ba ne, taimako ne, kuma mai zanen kirki zai gode muku ya gyara.

Aiki

Ku zaɓi aiki ɗaya da ake yi a wurin sana'arku daga farko har ƙarshe. Zai iya zama karɓar kuɗin makaranta, ko rajistar majinyaci, ko sayar da kaya bashi a shago, ko biyan 'yan adashe. Ku raba takarda gida huɗu daga sama zuwa ƙasa. A gida na farko ku jera matakan aikin, a na biyu bayanan da ake rubutawa a kowane mataki, a na uku inda ake rubuta su, littafi ne ko manhaja ko waya, a na huɗu kuma abin da waɗannan ke bukata kafin su yi aiki, kamar wuta, caji, intanet ko makullin ofis. Ku haɗa su da kibiyoyi, ku rubuta ma'anar kibiyar a gefe. Sannan ku rufe akwati ɗaya na gidan ƙasa da tafin hannu, ku bi layukan zuwa sama ku lissafa ayyukan da suka tsaya.

A saman takardar ku rubuta tambayar da zanenku ke amsawa da wanda kuka yi wa shi, a ƙasa kuma ku sa kwanan wata. Ku zo da ita aji na gaba, za ku yi musaya da na kusa da ku, kowa ya karanta ta ɗan'uwansa ba tare da an yi masa bayani ba.